Tun ran gini ran zane: Lissafin da ya kamata a yi kafin a aza tubali a Sifawa

A watan Afrilu, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ajin firamare mai rufin kwano a Sifawa ba ya zaunuwa. Zafin Sakkwato a wannan lokaci yakan haura digiri 40 a inuwa, kwanon da ke bisa kawunan yara kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Malami yakan kwashe ɗalibansa zuwa gindin dogon yaro, ko ya sallame su tun lokacin tashi bai yi ba. Haka abin yake a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin ƙauye, inda mai naƙuda ke sharɓar gumi, ga fanka a rataye amma babu wutar da za ta juya ta.

A takardun gwamnati, irin waɗannan gine-gine an kammala su, an biya ɗan kwangila, an yi bikin buɗewa, an ɗauki hoto. Abin da ba ya shiga takarda shi ne kuɗin da ginin zai ci daga ranar da aka miƙa mabuɗi: kuɗin wuta, man janareto, batirin sola da zai mutu, silin da zai rufto, da sa'o'in karatun da zafi ke cinyewa duk bazara.

Yawancin wannan kuɗi ana yanke shi ne tun ginin yana kan takarda. Saboda haka lokaci ya yi da Jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta za su wajabta wa kansu abu guda: kada a amince da zanen wani ginin gwamnati sai an haɗa shi da lissafin abin da zai ci na tsawon shekara 30.

Abin da maginan dauri suka sani

Sifawa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a nan kimanin shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. Gine-ginen wancan zamani na ƙasa ne da ciyawa, kuma da irinsu aka ci gaba da zama har zuwa zamanin kakannin mutanen yau.

Wanda ya gina soro a lokacin ya san bai gama biya ba ranar da magini ya sauko. Ya san akwai yaɓe kafin kowace damina, akwai gyaran indararo, akwai duba azara saboda gara. Wannan hidima yana sane da ita tun kafin a kwaɓa ƙasar farko, yana kuma auna ta da ƙarfin gidansa. A madadin haka yana samun bango mai kauri da ke riƙe zafin rana na sa'o'i kafin ya ratso ciki, da ɗumi a daren hunturu.

Soro yana da nasa aibin. A tsakiyar bazara bangon yakan saki zafin da ya sha da rana cikin dare, shi ya sa ake fitowa kwana a tsakar gida. Ruwan sama mai ƙarfi yana rusa ginin ƙasar da aka yi sakaci da shi, kuma giginyar da ake fafe azara daga jikinta ta yi ƙaranci. Da bulon siminti da kwano suka zo, mutane sun karɓe su ne saboda sun raba su da yaɓen shekara-shekara, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi.

Sai dai hidimar ba ta ɓace ba, wuri kawai ta sauya. Bulo mai rami ba ya tare zafi kamar tubali, kwano kuma a rana tsaka kamar tanda yake. Abin da ake biya da da ƙasa da guminsa, yanzu ana biyansa da kuɗin fanka, da mai, da batir, ko da lafiyar jiki ga wanda ba shi da ko ɗaya. Bambancin shi ne mai soro ya san nasa lissafin tun farko, mai kwano kuwa sai ya tare yake gano nasa.

Darasin gidajen Shagari

Maƙwabciyar Boɗinga, wato Shagari, ta ba Najeriya shugaban da sunansa ya bi wani babban shirin gidaje. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙuduri gina gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin da kuma Abuja. Niyyar mai kyau ce: ƙaramin ma'aikaci ya samu muhalli. Har yau a garuruwa da dama akwai unguwannin da ake kira gidajen Shagari, kuma akwai iyalan da suka girma a cikinsu.

Amma abin da aka gina bai kai ko kusa da abin da aka ƙudurta ba, kuma cikin kurakuran da masu nazarin shirin suka daɗe suna ambato akwai guda biyu da suka shafi wannan batu. An yi amfani da zane kusan iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, daga gaɓar teku mai laima zuwa Sakkwato mai ƙuna, ba tare da la'akari da yanayi ko tsarin zaman iyali ba. An kuma kafa wasu rukunonin a bayan gari, nesa da ruwa da wuta da hanya, har wasu suka daɗe babu kowa a ciki.

Ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin shi ne nawa gida ɗaya zai ci a gina. Tambayar nawa zai ci a zauna a cikinsa ba ta samu gurbi ba. Fiye da shekara 40 bayan haka, ma'aunin bai sauya ba a yawancin ayyukan gwamnati.

Yadda ake lissafin

Lissafin ba sabon abu ba ne, kuma masu ƙididdigar kuɗin gini suna koyonsa a makaranta. Ana tara abubuwa biyar ne a takarda ɗaya. Na farko kuɗin zane da na gini. Na biyu kuɗin makamashi da ruwa na kowace shekara. Na uku gyaran yau da kullum, kamar fenti da toshe yoyo. Na huɗu kayan da za su mutu a sake su kafin ginin ya tsufa. Na biyar abin da zai rage na darajar ginin, ko kuɗin rushe shi, a ƙarshen wa'adin.

Na huɗun nan shi aka fi mantawa. Bango yana iya kai shekara 50, farantin sola shekara 25, amma na'urar sanyaya ɗaki da inbata ba su cika wuce shekara 10 zuwa 15 ba. Batirin sola na dalma kuwa a zafi irin na Sakkwato shekara biyu zuwa huɗu yake yi, domin zafi yana gajarta ransa: duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana iya rage rabin shekarunsa. Wanda ya sa sola a asibiti bai rubuta wa zai sayi batir na biyu da na uku ba, ya shirya wa asibitin duhu ne nan da 'yan shekaru.

Amfanin lissafin yana fitowa ne idan an kwatanta zane biyu ko uku na gini ɗaya. Wannan ya fi araha yau amma yana shan wuta, wancan ya fi tsada yau amma yana da sanyi da kansa. A kan takarda, juya fuskar gini ko rage girman taga aikin minti goma ne. Bayan an zuba dakali an ja bango, gyaran sai da guduma.

Misali da alƙaluma

Ga misali mai sauƙi da kowa zai iya bi a wayarsa. A ɗauki ɗaki ɗaya mai na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya, wadda ke jan kimanin kilowat 1.2. Idan tana aiki awa takwas a rana, ta sha kusan yunit 10. A ce kwana 180 ake kunna ta a shekara, an tashi da kusan yunit 1,700.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kusan Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka sauko da shi zuwa wajen Naira 209. A wannan farashi, ɗakin nan guda zai ci kusan Naira 355,000 a shekara, wato fiye da Naira miliyan uku da rabi a shekara 10, ko da farashin bai ƙara motsawa ba.

Amma garuruwa irin su Sifawa ba su san wutar awa 20 ba. Wanda ya dage sai ya kunna na'urar, da janareto zai kunna ta. A ƙaddara litar fetur Naira 900 ce, kuma ƙaramin janareto yana fitar da kimanin yunit biyu daga kowace lita. Yunit ɗaya ya koma Naira 450 ke nan, shekara kuma ta tashi a Naira 765,000, ban da baƙin mai da kuɗin makanike.

Yanzu a ƙaddara mai ginin ya ƙara Naira 600,000 tun farko a kan ɗakin: ya shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ya zaɓi kwano mai farin launi, ya faɗaɗa bakin rufi ya yi wa tagogi inuwa. A ƙaddara wannan ya rage aikin na'urar da kashi ɗaya bisa uku. Mai wutar gwamnati zai riƙa tsira da kusan Naira 118,000 a shekara, kuɗinsa ya dawo cikin shekara biyar. Mai janareto zai tsira da Naira 255,000, nasa ya dawo cikin shekara biyu da 'yan watanni. Sauran shekarun ginin duk riba ce.

Waɗannan alƙaluma na misali ne, kowane gini da nasa. Abin lura a cikinsu shi ne, gwargwadon rashin wuta a gari, gwargwadon saurin dawowar kuɗin da aka kashe wajen tare zafi. Wato ƙauye ya fi birni buƙatar wannan lissafi. Ga mai sola ma haka ne: ginin da ba ya ɗaukar zafi farantai kaɗan yake buƙata, da batir kaɗan, kuma kaɗan ɗin ne za a riƙa sakewa.

Abin da ba ya cin ko kwabo

Wasu daga cikin matakan da suka fi tasiri ba su buƙatar ƙarin kuɗi, shawara ce kawai a kan lokaci. Sakkwato tana kusa da layi na 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka a yawancin shekara. Bangon gabas da na yamma su ne ke shan dukanta da hantsi da la'asar. Idan aka miƙe tsawon gini daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayen da tagoginsu za su fuskanci kudu da arewa, inda ɗan bakin rufi ya isa ya yi masu inuwa.

Tagogi masu fuskantar juna suna ba iska hanya. Ƙofofin iska a saman bango suna fitar da zafin da ya taru a ƙarƙashin rufi. Ɗaga silin sama kaɗan yana nisanta kai daga kwano. Barin bishiyar da aka tarar a fili, musamman ta yamma, ya fi sare ta a dasa wata da za ta ɗauki shekaru kafin ta yi inuwa.

Launin rufi ma lissafi ne. Kwano mai duhu, irin wanda ake yayi yanzu saboda ado, yana shanye zafin rana, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa sama. A birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafinsa ya yi kama da na Sakkwato, hukumar birni ta fara shirin shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti a 2017, domin hanya ce mai araha ta rage zafin cikin ɗaki da 'yan digiri. A ajin da ba shi da fanka, 'yan digirin nan su ne tsakanin a yi darasin ƙarshe da a tashi.

Maƙwabta sun gwada

Ba sai an je Turai neman misali ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin laka da aka matse. Ya yi amfani da kwano, amma ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da silin na laka domin iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. Bakin rufin ya fito waje sosai yana kare bango daga rana da ruwa. Makarantar ta samu kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini.

Kusa da gida, a garin Dandaji na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da matsattsen tubalin ƙasa, suka gyara tsohon masallacin garin ya koma ɗakin karatu. Maginan yankin ne suka yi aikin. Ƙasar Dandaji da yanayinta da harshen mutanenta duk irin na arewacin Sakkwato ne.

Waɗannan gine-gine sun nuna ana iya haɗa abin da tubali ya fi iyawa, wato tare zafi, da abin da kwano ya fi iyawa, wato tare ruwa. Ko irin wannan gini ya fi bulo araha a Sifawa, lissafi ne zai faɗa, domin sai an sa kuɗin injin matse tubali da horar da magina a ciki. Matsalar ita ce a tsarin da ake bi yanzu ba a ma kawo shi teburin kwatanci.

Ƙa'idar tana nan a rubuce

A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, ƙarƙashin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Jamus. Ƙa'idar ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi masu inuwa, ta wajabta abin tare zafi a rufi, ta kuma sa iyaka ga wutar da fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki za su sha. Ƙiyasin da aka bayar shi ne ginin da ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan zai rage shan makamashi da kusan kashi 40 cikin 100.

Amma izinin gini a hannun jihohi yake. Ƙa'idar ba ta da haƙori sai jiha ta shigar da ita cikin sharuɗɗan amincewa da zane. Duk wanda ya zaga sabbin unguwannin Sakkwato ya ga benaye masu bangon gilashi suna fuskantar yamma, ya san saura da aiki.

A Tarayyar Turai, inda dokar 2010 ta ce duk sabon gini daga ƙarshen 2020 ya zama wanda kusan ba ya buƙatar makamashi daga waje, ba a bar batun kuɗi a baya ba. An umarci ƙasashe su auna sharuɗɗansu da lissafin shekara 30 ga gidajen zama da gine-ginen gwamnati, shekara 20 ga na kasuwanci, su nemo matakin da jimillar kuɗi ta fi sauƙi. Su sanyi suke tarewa, Sakkwato zafi, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Hujjar masu ja

Akwai masu cewa wannan lissafin masu hali ne, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama, har a jihar da ke da kamfanin siminti a Kalambaina. Mutumin da ke gina gida bulo ɗari yau, ɗari bayan watanni uku, ba ya da Naira 600,000 ta ƙari ko da an tabbatar masa za ta dawo.

Kuɗin ruwa ma yana cikin lissafi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. Wanda ya ranto Naira 600,000 a kan kashi 30 zai biya Naira 180,000 a shekara, abin da ya fi Naira 118,000 da mai wutar gwamnati zai tsira da ita. Ga irin wannan mutum, a wannan farashi, lissafin bai fita ba. Lissafi na gaskiya dole ya iya cewa a'a.

Sai dai farashin makamashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai Naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Duk wanda ya zana gini a 2022 bisa zaton mai da wuta za su ci gaba da araha, yau yana zaune da kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Shi ya sa masu aikin ke yin lissafin sau uku: idan farashi ya tsaya, idan ya tashi a hankali, idan ya yi tsalle. Zanen da ya tsira a duka ukun shi ne abin dogaro.

Ga talaka mai gini, wannan yana nufin ya fara da matakan da ba su cin kuɗi, ya bar masu tsada sai hali ya yi. Gwamnati kuwa ba ta da wannan uzuri. Ita ce mai ginin, ita ce mai biyan wuta da gyara, kuma za ta riƙe ginin shekaru masu yawa bayan wanda ya ba da kwangilar ya sauka.

A nan ne asalin cutar take. Wanda ya gina daban, wanda zai biya daban. Kuɗin gini yana fitowa daga kason manyan ayyuka, wanda ake yi wa biki. Kuɗin mai da gyara yana fitowa daga kason yau da kullum, wanda ba ya isa, sai ya faɗa kan shugaban makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko dangin majinyaci da za a ce su kawo kuɗin mai. Tsarin ba da kwangila, tun daga dokar tarayya ta 2007, ya karkata ga wanda ya kawo farashi mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan sharuɗɗan ba su ambaci zafin cikin ɗaki ba, ɗan kwangilar da ya cire abin tare zafi shi zai ci, kuma bai karya doka ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, hukumar kula da ba da kwangila ta jiha ta sa sharaɗi: duk ginin gwamnati da ya kai wani adadin kuɗi, a gabatar da zane aƙalla biyu, kowanne da lissafin shekara 30 a shafi ɗaya, a kuma wallafa shafin inda jama'a za su gani. Shafi ɗaya ya isa: kuɗin gini, kuɗin shekara, jerin kayan da za a sake da shekarar sake su, da sunan ofishin da zai biya.

Na biyu, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar kiwon lafiya a matakin farko su sake duba zanen aji da na ƙaramin asibiti da suke maimaitawa a ko'ina. Zane ɗaya da ake ginawa sau ɗaruruwa, gyara shi sau ɗaya ya wadatar da duka. Babu inda ɗan ƙaramin aikin tunani zai yi tasiri kamar nan.

Na uku, hukumar tsara birane ta jiha ta shigar da ƙa'idar 2017 cikin sharuɗɗan izinin gini, a fara da gine-ginen gwamnati da manyan gine-ginen kasuwanci, a bar ƙananan gidaje da shawara da wayar da kai.

Na huɗu, a auna. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki kan hasken rana, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kuma tana da ɗalibai masu neman aikin bincike. A gina azuzuwa biyu a Sifawa, ɗaya da tsohon zane, ɗaya da sabo, a rataya ma'aunin zafi a kowanne, a rubuta duk kuɗin da aka kashe na shekara uku. Alƙaluman da za su fito daga nan sun fi duk wanda za a aro daga wata ƙasa.

Na biyar, ƙananan hukumomi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Duk shugaban ƙaramar hukumar da kuɗin gini ya shigo hannunsa, kuɗin gyara ma a wuyansa zai rataya. Boɗinga da Shagari suna iya zama na farko da za su ce ba za su sa hannu a kan zane ba sai sun ga abin da zai ci bayan biki.

Shi ma mai gina gidan kansa yana da tambayoyin da zai yi wa mai zane ko birkila kafin a ja igiya: ina rana za ta bugi wannan ɗaki da la'asar, me za a sa tsakanin kwano da silin, ta ina iska za ta shiga ta fita, wane kaya ne zai fara mutuwa kuma nawa ne sabonsa. Magini na ƙwarai ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Yaron da aka sa aji ɗaya a Sifawa bana zai yi bazara shida a cikin azuzuwan da aka riga aka gina. Ƙannensa kuwa za su zauna ne a cikin waɗanda ake zanawa yanzu a ofisoshin Sakkwato, kuma zanen bai bar kan tebur ba tukuna. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.